Mujallun wasan kwaikwayo na Rasha, tambaya da amsa

Wai tun yaushe Rashawa suka fara buga mujalla kan wasan kwaikwayo?

Tun 1808 fa, a birnin Fitasbag, sunanta Dramatichesky Vestnik, amma ba ta yi tsawon rai ba. Kafin ita akwai Rossiysky Featr ta 1786, sai dai ita rubutattun wasanni kawai take tarawa.

To me ake rubutawa a ciki?

Wasannin kansu, labarin 'yan wasa da kuma sharhi. A sharhin nan gizo ke saƙar, don manyan gidajen wasa na Mosko da Fitasbag duk na sarki ne, 'yan wasan ma ma'aikatansa ne, in ka ce wane bai iya ba to kamar hukuma ka taɓa, shi ya sa aka daɗe ana taka wa masu sharhi birki. Sai a 1882 aka ƙyale 'yan kasuwa su buɗe nasu gidajen wasan a biranen biyu, daga nan mujallu suka samu abin faɗa sosai.

Wacce ta fi muhimmanci a ganinka?

Ni dai Teatr i Iskusstvo ta mai sharhi Aleksandar Kugel nake zaɓa, duk mako take fitowa daga 1897 zuwa 1918. Wasan dandali da an sauke labule shi ke nan ya wuce, ba bidiyo a lokacin, to yau in kana so ka san yadda ɗan wasa ya ɗaga murya ko yadda 'yan kallo suka karɓe shi, sai a irin waɗannan shafukan, wallahi wannan ne ya sa nake ganin girmansu.

Mir Iskusstva fa da ake yawan ambata?

Wannan ta zane da fasaha ce gaba ɗaya. Sergei Diaghilev ya jagorance ta da abokinsa Benois har 1904, kuɗin farko kuma gimbiya Tenisheva da attajiri Mamontov suka zuba. Masu zanen da suka taru a nan su ne daga baya suka yi wa rawar balet ta Rasha kaya da adon dandali a Faris.

Bayan juyin juya halin 1917 me ya faru?

Yawancin masu zaman kansu sun rufe, ta Kugel a 1918 ta tsaya. Gwamnatin Sobiyet ta kawo nata, kamar Teatr a 1937, sai bayan rushewar gwamnatin aka kafa Peterburgsky Teatralny Zhurnal a 1992.