Waiwaye: Yadda ƙofar kotu ta ƙuntata ga wanda aka hana biza

Da wuya ka zaga unguwa a Kano ba ka samu wanda ya tafi Abuja neman biza ya dawo da takardar hani ba. Wani ɗan kasuwar Kantin Kwari ne, wata kuwa uwa ce mai son zuwa jegon 'yarta a Landan. Abin da ake fara tambaya shi ne, "Wai ba a iya kai su kotu ne?" A da ana iyawa fiye da yanzu.

A Birtaniya, dokar 1969 ce ta kafa tsarin ɗaukaka ƙara kan hukuncin jami'an shige da fice. A 1993 aka janye wannan dama daga masu bizar ziyara, a 2000 aka maido da ita ga masu zuwa ganin dangi. A wancan zamanin ɗanka da ke can zai tsaya gaban alƙali ya ba da shaida, alƙali ya sake auna hujjoji da kansa. Ranar 25 ga Yunin 2013 gwamnati ta rufe wannan hanya, ta ce tsada ta yi yawa, gara mutum ya sake nema. Dokar 2014 kuma ta rage damar ɗaukaka ƙara daga iri 17 zuwa 4.

Abin da ya saura ga mafi yawan masu neman bizar ziyara shi ne roƙon alƙali ya duba halaccin hukuncin, kuma a nan mutanenmu suka fi ruɗewa. Alƙalin ba ya ba da biza. Dubawa yake ko jami'in ya bi doka, ko ya karanta takardun da aka miƙa masa, ko hukuncinsa ya shiga hankali. In ya ga kuskure, sai ya soke shi ya ce a sake dubawa, kuma ana iya sake hana ka. Wa'adin shigar da wannan roƙo wata uku ne, kafin nan lauya yakan rubuta wa hukuma wasiƙar gargaɗi ya ba ta kwana 14. Wanda ya faɗi kuma ana iya sa shi biyan kuɗin shari'ar gwamnati.

Abin yana ci mini rai idan na tuna ɗan kasuwar da cinikinsa na tsabar kuɗi ne: yau miliyoyi sun shiga asusu, gobe sun fita sarin kaya. Jami'in da bai san Kwari ba sai ya rubuta cewa ba a bayyana tushen kuɗin ba. A tsohon tsari akwai wanda zai saurari bayani.

Amurka kuwa ƙofarta kusan a garƙame take tun asali. A 1972, a shari'ar Ernest Mandel ɗan Beljiyam, Kotun Ƙoli ta ce muddin gwamnati ta kawo dalilin da a zahiri halattacce ne, kotu ba za ta tona ba. A Yunin 2024 ta ce wa Sandra Muñoz, Ba'amurkiyar da aka hana mijinta biza, tsarin mulki bai ba ta haƙƙin a shigo mata da shi ba. Kanada ta fi sassauci, tana ba wanda ke waje kwana 60 ya nemi izinin Kotun Tarayya a duba hukuncin.

Duk da haka, har yau akwai ejan-ejan a gari da ke karɓar kuɗin "afil", wato ɗaukaka ƙara, kan bizar ziyarar Birtaniya, alhali in ba ta fuskar haƙƙin ɗan Adam ba, wannan dama ta ƙare tun 2013. Mai takarda yana gida yana jiran labari, wata ukun nan kuma suna ƙarewa.