Bitar Zanen Fuska Tsakanin Masu Zane

Bitar zanen fuska al'ada ce ta makarantun zane inda masu koyo, bayan sun zana mutumin da ya zauna a gabansu, suke jera ayyukansu a jikin bango kowa ya faɗi abin da ya gani a na ɗan'uwansa. Amfaninta ya samo asali ne daga abu guda: duk fuska ɗaya suka kalla, a haske ɗaya, sai dai kowa daga kusurwarsa.

Al'adar ta yi ƙarfi a birnin Paris a ƙarni na 19. A makarantar Académie Julian, wadda Rodolphe Julian ya kafa a 1868, malamai irin su William Bouguereau kan leƙo ne jefi-jefi su yi gyara, sauran kwanakin kuwa ɗalibai ke duba wa juna. Makarantar ta karɓi mata tun kafin École des Beaux-Arts, babbar makarantar zane ta gwamnatin Faransa, ta buɗe musu ƙofa a 1897. Marie Bashkirtseff, ɗaya daga cikin ɗaliban Académie Julian, ta zana ɗakin matan makarantar a 1881, sun yi cunkus kewaye da wani yaro da suke zanawa.

Wanda ake zanawa yakan zauna kamar minti ashirin, ya huta, a sa alama a ƙasa don ya koma daidai inda yake. A lokacin hutun nan ne ake zagayawa ana leƙen allon juna. Kuskuren da aka fi kamawa shi ne zana idanu sama da inda ya kamata, alhali a tsakiyar kai suke idan an auna daga ƙoƙon kai zuwa haɓa. Wanda ya shafe awa uku yana gyaran hanci ba ya ƙara ganin wannan, idonsa ya riga ya saba. Na kusa da shi kuwa kallo ɗaya zai yi ya gane. Shi ya sa ake ja da baya taku huɗu ko biyar, ko a duba zanen ta madubi, ko a juya shi kai ƙasa.

Sharhin da ya tsaya ga “bai yi kama da shi ba” ba ya gyara komai. Mai amfani shi ne wanda zai nuna cewa inuwar ƙasan muƙamuƙi ta yi haske, ko kunne ya matso gaba, tun fentin yana ɗanye kuma mai zaman bai tashi ba.