Magungunan Ayurveda na ciwon ciki mai daɗewa

Ayurveda ilimin magani ne na gargajiya da ya samo asali a Indiya, kuma har yau ana koyar da shi a kwalejojin ƙasar. Tun 2014 yana ƙarƙashin ma'aikatar AYUSH ta gwamnatin Indiya, mai kula da magungunan gargajiya. A fahimtar masanansa, akasarin matsalolin ciki da suka ƙi ci suka ƙi cinyewa, irin su kumburi, yawan gyatsa, ƙwarnafi, ko gudawa da ke musayar wuri da taurin bayan gida, daga abu ɗaya suke tasowa, wato lalacewar agni, wutar da ke narkar da abinci.

Littafin Charaka Samhita, ɗaya daga tsofaffin littattafan Ayurveda, ya kwatanta wannan wuta da wadda ake hurawa ƙarƙashin tukunyar shinkafa. Tana iya zama daidai, ko ta riƙa tashi tana faɗuwa, ko ta yi ƙarfi fiye da kima, ko ta yi sanyi. In ta yi rauni, abinci ba ya nuna sosai a ciki, sai ya bar wani saura da ake kira ama, wanda suke ɗora wa alhakin nauyin jiki da farin da ke taruwa a kan harshe. Babi na 15 na sashen jiyya na littafin ya tsaya ne kan grahani, ciwon da wasu likitocin yau ke kusanta shi da ciwon hanji mai yawan tashi, ko da yake kwatancen bai dace ta kowace fuska ba.

Da yake haka suke kallon ciwon, yawancin maganin daga madafa yake fitowa. Trikatu garin busasshiyar citta ne da barkono baƙi da pippali, wani dogon barkono. Wanda ya fi shi suna a gidaje shi ne hingvashtak, haɗin abubuwa 8: waɗancan ukun, da gishirin dutse, da ƙananan 'ya'yan tsiron ajmoda, da jira (ɗan kayan ƙamshin miya da Turawa ke kira cumin) iri biyu, sai hing, wani ƙaro mai tsananin wari da ake soyawa a man shanu kafin a daka. Yadda ake shan sa ma ƙa'ida ce. Ana barbaɗa ɗan kaɗan a kan shinkafa mai zafi, a zuba man shanu, a cuɗa, a yi lomar farko da shi kafin a taɓa sauran abincin. Ana ba mai kumburin ciki da yawan iska, amma mai ƙwarnafi ko gyambon ciki yaji ne zai ƙara masa azaba. Abin mamaki, duk yawan hing da Indiyawa ke ci, daga Afganistan da Iran da maƙwabtansu suka saba shigo da shi, sai a 2020 aka fara gwada noma shi a kwarin Lahaul na jihar Himachal Pradesh.

Ga mai grahani kuwa, Charaka ya fifita takra, nonon da aka kaɗa aka cire masa mai, kusan abin da Bahaushe ke kira tsala, wanda akan sha da gishirin dutse da gasasshen jira. Ɗanyen 'ya'yan bilva da ɓawon itacen kutaja na masu gudawa ne da atuni. Mai taurin bayan gida ana ba shi triphala, garin busassun 'ya'yan itatuwa uku, haritaki da bibhitaki da amalaki, yawanci da ruwan ɗumi kafin barci. Akwai kuma isabgol, dusar wani iri da ake nomawa a Gujarat da Rajasthan. Shi wannan ya fi sauran samun shaida a binciken zamani, domin yana tsotse ruwa ya tausasa bayan gida, sai dai dole a bi shi da ruwa mai yawa. Mai magani na ƙwarai ba ya tsayawa a garin magani kawai: zai hana cin abinci kafin na baya ya narke, ya hana ruwan sanyi a kan abinci.

Gwaje-gwajen da aka yi wa yawancin haɗe-haɗen nan ƙanana ne, ba su kai a yanke hukunci da su ba. Wasu kuma suna da illa sananniya. Saiwar yashtimadhu da ake ba masu ƙwarnafi tana iya hau da jini in an daɗe ana sha. Wani bincike da mujallar likitoci ta JAMA ta buga a 2004 ya sami dalma ko zaiba ko asenik a cikin 14 daga kayan Ayurveda 70 da aka saya a shagunan Boston ta Amurka. Wani ɓangare na matsalar daga reshen rasa shastra yake, inda da gangan ake sarrafa ƙarafa a cikin magani. Sannan babu garin maganin da aka tabbatar yana kashe ƙwayar Helicobacter pylori mai haddasa gyambon ciki. Jini a bayan gida, baƙin bayan gida, rama ba dalili, amai mai dagewa ko wahalar haɗiya, duk alamu ne da ke buƙatar gwajin asibiti kafin a sha komai.