Katipo Ba Dodo Ba Ne

Mutanen Niyuzilan da dama sun taso da imanin cewa katipo, ɗan ƙaramin baƙin gizo-gizon nan mai jan zane a bayansa, yana farautar mutane a bakin teku, kuma wanda ya ciza sai kabari. Sunansa ma ya ƙara wa zancen gishiri, domin a harshen Maori, 'yan asalin ƙasar, yana nufin mai harbi da dare.

Gaskiya ne yana da dafi, tunda dangin gizo-gizo mai jan baya ne na Ostareliya, amma macen ce kaɗai ke iya huda fatar mutum, ita ma sai an matse ta, kuma maganin dafin ɗan'uwan nata yana aiki a kan cizonta. Jikinta bai wuce ƙwayar wake ba, tana ɓoye cikin ciyayin tudun rairayi da ƙarƙashin itatuwan da teku ya turo.

Abin da mutane ke gani a gidajensu su firgita, galibi wani gizo-gizo ne mai kama da katipo da ya shigo daga Afirka ta Kudu, wanda yake ƙwace masa mazauni. Katipo ne ke cikin haɗari, shi ya sa tun 2010 doka ta haramta kashe shi.