Labarin ƙasa ba tarihi ba ne, amma yana da nasa tarihin

Tun bayan ambaliyar damanar 2024, wadda ta rushe tsohon masallacin Birni a nan Damagaram, kalmar «masanin labarin ƙasa» ta cika gidajen rediyo. Abin takaici shi ne yadda ake gayyato masanin a tambaye shi jerin sarakunan Damagaram, ko kuma a ce ya faɗa wa masu sauraro ko gobe za a yi ruwa. Na farko aikin masanin tarihi ne, na biyu kuma na masu hasashen yanayi.

Labarin ƙasa, wanda ƴan lakkol ke kira jewografi, ilimi ne da ke tambayar ina abu yake, kuma me ya sa yake nan bai zama a wani wuri ba: me ya sa ruwa ke kwanciya a wannan unguwa ya bar waccan, me ya sa kasuwa ta kafu a wannan mararraba. Ruɗanin, a ganina, daga aji ya samo asali, inda malami guda ke koyar da tarihi da jewografi tare, har ɗalibi ya tashi yana ɗaukar su abu ɗaya. Kalmar «labari» ma ta ƙara dagula al'amarin, domin Bahaushe da ya ji ta, abin da ya wuce yake tsammani.

Shi wannan fanni kuwa yana da nasa tarihin, kuma shi ne aka fi yin sakaci da shi. Ana ambaton Eratostin Bagirke da ya auna kewayen duniya tun kafin haihuwar Annabi Isa, da Al-Idrisi wanda ya kammala taswirarsa a 1154, a wuce. Ba a cika faɗin cewa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Clapperton, Baturen Birtaniya mai yawon bincike, taswira a Sakkwato a 1824 ba.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, wanda ya iso Damagaram a ƙarshen Disamban 1852 ya zauna har ƙarshen Janairun 1853. Wurare da yawa da ya rubuta bai taɓa taka su ba. Fatake da alhazai da malamai yake tsarewa da tambaya, su lissafa masa zango-zango, da kwanakin tafiya, da inda rijiya take, shi kuma ya rubuta, aka je Jamus August Petermann ya mai da bayanan taswira. Daga baya Barth ya koyar da labarin ƙasa a Jami'ar Berlin. Madugun da ya haddace hanyar Damagaram zuwa Agadas ko Kano, ya san inda ayari zai sha ruwa a bazara, ilimin labarin ƙasa yake yi ko da bai taɓa jin sunan ba, sai dai nasa sanin ya shiga littafi ne da sunan baƙo.

Don haka in za a yi maganar adana tarihin wannan fanni a Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram, bai kamata a tsaya ga sunayen Turawa ba. Akwai tsofaffin taswirorin ayarin sojan Faransa Tilho na 1906 zuwa 1909, wanda ya yi aikin shata iyakar Nijar da Nijeriya, waɗanda ya dace ɗalibai su gani da idonsu, akwai kuma sunayen tafkuna da rijiyoyi da burtalai da ke bakin tsofaffi, waɗanda gine-gine ke ta cinyewa kafin a rubuta su.