Bindigar toka: ire-irenta da yadda maharba ke zaɓenta

Bindigar toka, wadda ake kuma kira harba-ka-ruga, adaka ko baushe, ita ce bindigar da ake ɗura wa albarushi da harsashi ta baki, a danna su da sanda har gindin bututu, sannan a harba sau ɗaya tak. Sunan harba-ka-ruga ya faɗi halinta: in maharbi ya saki wuta ya kuskure, mugun dawa ba zai tsaya jiransa ya sake ɗuri ba. A ƙasashen Kabi da Zamfara ana ganinta a hannun mafarauta, masu gadin gona, 'yan sintirin ƙauye, da 'yan bindigar fada da ke buga ta ranar hawan sallah.

Asali da shigowarta

Kalmomin bindiga da albarushi duka daga Larabci Hausa ta aro su, alamar cewa ta hanyar Sahara aka fara sanin makamin. Mai Idris Aloma na Barno yana da mayaƙa masu bindiga tun ƙarni na 16. Amma yawancin waɗanda suka cika kasuwanni daga baya ta bakin teku suka biyo, suka hauro ta ƙasar Yarabawa da Nufe. Turawa na kiranta bindigar Denmak saboda fataken ƙasar da suka riƙe sansanin Christiansborg a Akara har 1850, ko da yake akasarinsu a Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam aka ƙera su.

Duk da haka ba ita ce ta yi yaƙe-yaƙen yankin ba. A Tafkin Kwatto a 1804 baka da kibiya ne suka karya dawakin Gobir, kuma labarin da ya shahara na yadda bindiga ta juya ta ƙone Sarkin Gobir Yunfa lokacin da ya nufi Shehu Usmanu da ita a Alƙalawa yana nuna irin rashin tabbas da aka san ta da shi. Baturen nan Clapperton, da ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1826, bindigogin da ya gani cikin dubban mayaƙa ba su kai hamsin ba. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa galibin Afirka bindigogin zamani, ta bar ƙofa ga mai ƙyasta dutsen ƙanƙara mai santsin bututu da albarushin kasuwa. Wannan na cikin dalilan da suka sa tsohon samfurin ya zauna daram a nan bayan Turai ta yi watsi da shi, har maƙeran gida suka gaje shi.

Mai ƙanƙara da mai hula

Bambanci na farko shi ne yadda wuta ke isa ga albarushi. A mai ƙanƙara, wadda aka daidaita ƙirarta a Faransa a farkon ƙarni na 17, kunama na riƙe da ɗan dutsen ƙanƙara. In aka ja, sai ya ƙyasta ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kan ɗan albarushin da ke cikin wani ƙaramin kasko a gefe, wutar ta bi ta wata 'yar kafa ta shiga ciki. Ƙyastu ne dai aka ɗaura wa bindiga. Amfaninta shi ne ba ta jiran kayan kanti: muddin akwai dutse da albarushi, tana aiki. Aibinta damina. Raɓar asuba kaɗai ta isa ta jiƙa kaskon, kuma tsakanin ƙyastawa da tashin harsashi akwai ɗan jinkirin da ke sa hannun da bai saba ba ya goce.

Mai hula ta biyo bayan binciken wani limamin coci ɗan Sikotilan, Alexander Forsyth, wanda ya yi rajistar dabararsa a 1807. Zuwa shekarun 1820 an fara amfani da ɗan mitsitsin ƙoƙon tagulla mai sinadarin da ke kamawa da bugu ɗaya, wato hula, ana kifa shi kan wani ɗan tsini a gindin bututu. Ta fi saurin tashi, ta fi jure laima, shi ya sa mai farauta a fadamun Gulbin Kabi ko dazukan Ɗansadau lokacin marka zai fi karkata gare ta. Sai dai ranar da hula ta ƙare, bindiga ta koma sanda.

Bututu

Nan ne maganar take. Bututu iri biyu ne: mai santsin ciki da mai zare, wato wanda aka yi wa tsagi mai murɗewa domin harsashi ya fita yana juyawa kamar katantanwa. Mai santsi, irin Brown Bess ta sojan Ingila, ba a dogara da saitinta in abin hari ya wuce taku saba'in zuwa ɗari. Mai zare, irin doguwar bindigar Pennsylvania ko Hawken da 'yan'uwa biyu, Jacob da Samuel, suka riƙa ƙerawa a St. Louis ta Amurka, tana samun abu a mita 200 a hannun gwani. Matsalarta jinkirin ɗuri, don dole harsashi ya matse cikin tsagin. Harsashin Minié na 1849, mai rami a gindi wanda ke buɗewa in wuta ta tashi, shi ya warware wannan, aka gina bindigar Enfield ta sojan Ingila ta 1853 a kansa.

Masu sha'awar tsoffin bindigogi a Amurka suna ɓata lokaci mai yawa kan muhawarar faɗin baki da murɗin zare. Wannan muhawara ba ta cika shafar maharbin Zuru ko Anka ba, domin kusan duk ƙirar gida mai santsi ce. Kuma ga wanda abin farautarsa zabon daji ne, fakara, zomo da gada, mai santsin ta ma fi dacewa: tana cin ƙananan harsasai barkatai, ta watsa su.

Abin da ke raba mai kyau da mugunya shi ne ƙarfen kansa. Wasu maƙera na amfani da bututun ruwa, wanda ke da layin walda a tsawonsa kuma ba don ɗaukar fashewa aka yi shi ba. Yawancin yatsun da bindigar toka ta cinye, ta nan ne. Tsohon maharbi in an miƙa masa bindiga ba ya fara duba adon ƙota ko layun da aka ɗinke mata cikin jar fata. Sai ya zura sandar ɗuri tukuna ya ga ko akwai tsohon ɗuri a ciki, ya bi jikin bututun da yatsa yana neman kumburi ko tsaga, ya duba kaurin gindi inda wuta ke tashi, ya ɗana kunama ya ji ko tana zama ko tana zamewa da kanta. Bayan nan ne zai kai ta kafaɗa ya ji nauyi.

Albarushi da kulawa

Albarushin gargajiya haɗin gawayi ne da farar wuta da wani gishiri mai ciyar da wuta. Yana hayaƙi fari mai kauri, yana barin baƙar dauɗa mai jan laima, wadda ke cin ƙarfe cikin 'yan kwanaki in ba a wanke da ruwan zafi an busar an shafa mai ba. Garin harsashin zamani maras hayaƙi, wanda Paul Vieille ya samar a Faransa a 1884, ƙarfinsa ya ninka na albarushi, kuma zuba shi a bindigar toka na fasa bututu. Haka nan barin sarari tsakanin harsashi da albarushi, ko ɗuri biyu bisa mantuwa. In an ja kunama ta ƙi tashi, ba a leƙa bakinta, don takan yi nawa sannan ta tashi. 'Yan bindigar fada albarushi da tsumma kawai suke ɗurawa, ƙara da hayaƙi suke nema, amma ko su za ka ga sun miƙar da hannu nesa da jiki sun kau da fuska kafin su saki.

Matsayinta a doka

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Na farko sai da izinin shugaban ƙasa, na biyu sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, na uku kuwa su ne masu ɗurin baki, waɗanda lasisinsu ke hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Ƙera bindiga ko gyaranta ba tare da izini ba laifi ne, ko da a maƙerar gado ce. Rikicin daji na Zamfara da kudancin Kabi ya ƙara tsananta sa ido, ya kuma fito da iyakar makamin fili, tunda mai harbi ɗaya ba ya karawa da mai AK-47 da ke ɗauke da harsashi 30 a gida guda. Har kalmar 'yan bindiga, wadda a da sunan bayin sarki ne masu buga albarushi a gaban dawaki, yanzu in an ji ta a rediyo ɓarayin daji ake nufi.