Waiwaye: Yadda Aka Fara Naɗar Kiɗan Piyano da Tsirkiya a Gaban Jama'a

A watan Disamban 1842, Robert Schumann ya tara abokai a wani gida a birnin Leipzig na Jamus domin su ji sabon kiɗan da ya tsara wa mutum biyar: mai piyano, masu gogen Turawa biyu, mai biyola da mai celo (manyan 'yan uwan gogen Turawa). Matarsa Clara ce za ta zauna a gaban piyano, sai rashin lafiya ya hana ta. Felix Mendelssohn ya karɓi takardun, yana karantawa yana kaɗawa. Abin da aka ji a ɗakin nan ya tafi tare da waɗanda suka ji shi, domin sai a 1877 Thomas Edison ya ƙera na'urar da ke kama sauti ta kuma maido shi.

Irin wannan kiɗa Turawa ke kira kiɗan ɗaki, kuma ƙarni na 19, wanda ake yi wa laƙabi da zamanin Romantik, shi ne lokacin da haɗin piyano da kayan tsirkiya ya yi tashe. Schubert ya tsara na mutum biyar a 1819 saboda wani attajiri mai sha'awar celo a garin Steyr na Ostiriya. Mendelssohn ya tsara na mutum uku a 1839, Brahms ya kammala nasa na mutum biyar a 1864, Tchaikovsky ya yi na mutum uku a 1882 don makokin abokinsa Nikolai Rubinstein, Dvořák kuma ya biyo baya da na mutum biyar a 1887. Babu madugu mai sanda a gabansu kamar yadda ake yi a babbar ƙungiyar makaɗa. Kowa da muryarsa shi kaɗai, kuma ido da kunne ne ke haɗa su. Idan mai goge ya ja numfashi da ƙarfi, sauran sun san lokacin shiga ya yi. Idan mai piyano ya ɗan jinkirta, dole kowa ya bi shi ko kuma kiɗan ya wargaje. Wannan ja-in-ja ita ce ran kiɗan, ita ce kuma abin da masu naɗar sauti suka yi ta fama da shi fiye da shekara ɗari.

Akwai wata matsala da ta zo da kayan kansu. A tsawon ƙarnin piyano ya yi ta girma, aka sa masa firam na ƙarfe, amonsa ya ninka na zamanin Schubert. Celo kuwa yana nan yadda yake. A zaure, mai piyano mai hankali yana rage hannu don kada ya danne abokansa. A gaban na'ura, injiniya ke yanke hukuncin wa za a ji da wa za a binne.

Naɗe-naɗen farko ba a yi su don kasuwa ba. Ranar 2 ga Disamba 1889 wani wakilin Edison, Theo Wangemann, ya naɗi Brahms yana kaɗa piyano a Biyana, a kan ɗan bututun kakin zuma. Yau da ƙyar ake gane kiɗan cikin ƙara. Wanda ya fi dacewa da zancenmu shi ne abin da wani ɗan kasuwa a Rasha, Julius Block, ya yi a 1894: ya naɗi Anton Arensky yana kaɗa sassan sabon kiɗansa na mutum uku, tare da Jan Hřímalý a goge da Anatoly Brandukov a celo. Ga mai tsara kiɗan da hannunsa, a shekarar da ya rubuta shi. Waɗannan bututan sun daɗe a ajiye kafin kamfanin Marston ya fitar da su a 2008. Mai sauraro zai ji suna gudu da jinkiri yadda ransu ya so, masu tsirkiya kuma suna zame yatsa daga wata murya zuwa wata, salon da malaman kiɗa na baya-bayan nan suka riƙa hana ɗalibansu.

Da faifan garmaho ya zo, sai makaɗa suka koma cunkushewa a bakin wani babban ƙaho, kowa na neman inda za a ji shi. Makirfo mai lantarki ya shigo a 1925, shekara ɗaya bayan nan kuma Alfred Cortot mai piyano da Jacques Thibaud mai goge da Pablo Casals mai celo suka naɗi kiɗan Schubert na mutum uku a Landan, sannan na Mendelssohn a 1927 da na Schumann a 1928. Babu 'yan kallo a wurin, amma akwai abin lura. Fuskar faifai ɗaya ba ta wuce minti huɗu da 'yan kai, kuma ba a iya gyara ta. In an yi kuskure, ko a bar shi ko a sake fuskar gaba ɗaya. Shi ya sa kura-kuran yatsun Cortot suke nan har gobe, kuma ba su hana mutane son faya-fayan ba.

Tef ne ya sauya komai. Jamusawa suka fara nuna shi a Berlin a 1935, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya mamaye situdiyo, daidai lokacin da kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai a 1948. Da reza da ɗan manne, injiniya zai yanko gaɓa mai kyau daga gwaji na uku ya liƙa ta da ta gwaji na tara. Faifai ya zama ɗinki. Wasu makaɗa sun yi murna da haka, irin su mai piyano Glenn Gould na Kanada wanda ya daina hawa dandamali a 1964 ya tare a situdiyo. Ba na raina abin da aka samu ta wannan hanya, don akwai faya-fayan situdiyo da ba su da na biyu. Sai dai a kiɗan da ƙashin bayansa shi ne mutum huɗu ko biyar suna amsa wa juna nan take, ɗinki yana cire wani abu. Wanda ya taɓa kwatanta kaset ɗin makaɗi da aka ɗauka a filin biki da wanda ya yi a situdiyo ya san bambancin da nake nufi.

Gidajen rediyo da ɗakunan ajiya ne suka tsare mana ɗaya ɓangaren, galibi ba da niyyar sayarwa ba. A Washington, ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka yana da ƙaramin zaure da aka buɗe a 1925, inda ƙungiyar Budapest ta masu tsirkiya huɗu ta zauna daga 1940 zuwa 1962. Ana naɗar wasanninsu ana ajiyewa. Da kamfanin Bridge ya fara fitar da su bayan shekaru masu yawa, sai aka ji George Szell, wanda duniya ta sani da riƙe sandar madugu, zaune a gaban piyano yana kaɗa Brahms da Schubert tare da su.

Labarin Casals ya fi kowanne tasiri. Bayan Janar Franco ya ci yaƙin basasar Sifaniya a 1939, Casals ya yi hijira zuwa Prades, wani ƙaramin gari a kudancin Faransa, daga baya kuma ya ƙi yin wasa a ƙasashen da suka amince da gwamnatin Franco. Mai goge Alexander Schneider ya ga cewa tunda dattijon ba zai fita ba, sai a kawo masa duniya har gida. Haka aka fara bikin Prades a 1950. A na 1952 Myra Hess da mai goge Isaac Stern suka zauna da shi a kan Brahms, aka kuma naɗi kiɗan Schumann na mutum biyar da Hess a piyano. Columbia ta kai kayan aikinta can, rediyon Faransa ma yana ɗaukar wasannin, waɗanda aka fitar daga baya. Sannan ranar 13 ga Nuwamba 1961 Casals ya amsa gayyatar Shugaba Kennedy, ya kaɗa Mendelssohn a fadar White House tare da Schneider da Mieczysław Horszowski, yana dab da cika shekara 85. A faya-fayansa na waɗannan shekaru ana jin nishinsa da gurnaninsa a ƙarƙashin muryar celo duk sa'ad da ya zo gaɓa mai nauyi. Wasu na jin haushin hakan. Ni kam ina ganin ya fi kowane bayani nuna irin ƙarfin da jan baka a kan tsirkiya yake ci.

Ranar 30 ga Agusta 1969, a zauren Queen Elizabeth da ke Landan, matasa biyar suka kaɗa Schubert na 1819: Daniel Barenboim, Itzhak Perlman, Pinchas Zukerman mai shekara 21, mai celo Jacqueline du Pré mai shekara 24, da Zubin Mehta, madugun da ya koma ga babban gogen da ya koya yana ɗalibi a Biyana. Christopher Nupen ya ɗauke su a fim, har da wasa da dariyar bayan dandamali, mutane da yawa kuma ta nan suka fara sanin wannan kiɗa. A 1972 du Pré da Barenboim da Zukerman suka kaɗa Tchaikovsky a Tel Aviv, rediyo ya naɗa. Sautin bai kai na situdiyo tsafta ba. Amma a 1973 aka tabbatar tana da ciwon jijiyoyi da ya raba ta da celo, ta rasu a 1987 tana da shekara 42, kuma ba don wannan tef ba da ba mu san yadda take kaɗa kiɗan ba. Haka nan haɗuwar Vladimir Horowitz da Stern da Mstislav Rostropovich a kan babin farko na wannan kiɗan na Tchaikovsky, a bikin cikar zauren Carnegie na New York shekara 85 a 1976. Mai piyano Sviatoslav Richter kuwa dama ba ya son situdiyo, shi ya sa ayyukansa da ƙungiyar Borodin ta masu tsirkiya huɗu, Schubert a Hohenems na Ostiriya a 1980 da Dvořák a Prag a 1982, a gaban jama'a aka ɗauke su.

Daga nan kamfanoni suka gane akwai riba. Situdiyo yana cin kwanaki da kuɗi, wasan da aka riga aka sayar da tikitinsa kuwa makirfo kawai yake bukata. Bukukuwan bazara suka zama ma'adana: Lockenhaus na Ostiriya da Gidon Kremer ya kafa a 1981, da Heimbach na Jamus inda Lars Vogt ya fara tara abokai a 1998 cikin tsohuwar tashar lantarki, da Lugano na Suwizalan inda Martha Argerich ta riƙa haɗa manya da matasa daga 2002. Zauren Wigmore na Landan ma ya buɗe nasa kamfanin faifai a 2005.

A nan ne ya kamata mai saye ya buɗe ido. Yawancin faya-fayan da aka rubuta wa cewa a gaban jama'a aka ɗauke su, an taɓa su. Ana naɗar bita ta ƙarshe, a naɗi wasa biyu ko uku, wani lokaci ma bayan jama'a sun watse makaɗa su dawo su sake gaɓar da tari ko kuskure ya ɓata. Sai a haɗa, a bar tafi a ƙarshe ko a cire shi. Ba haramun ba ne, kuma makaɗin da sunansa zai zauna a kan faifai har abada yana da hakkin ya ƙi a bar masa tabo. Abin da nake ƙi shi ne ɓoyewa. Idan takardar faifai ta kawo rana ɗaya tak, mai yiwuwa dare ɗaya ne kake ji. Idan ta ce daga 12 zuwa 14 ga wata, to ɗinki ne, kuma kamata ya yi a faɗa ƙarara.

Bikin Lugano ya tsaya a 2016 bayan bankin da ke ɗaukar nauyinsa ya shiga matsala, da shi kuma jerin akwatunan faifai da kamfanin EMI, daga baya Warner, ke fitarwa duk shekara. Argerich ta koma Hamburg da sabon biki a 2018. Yanzu yawancin irin waɗannan wasanni ta intanet ake watsa su kai tsaye, ba gyara, wasu su zauna a YouTube, wasu a sauke su bayan 'yan makonni idan wa'adin izinin makaɗan ya ƙare.